Babi na Tara

Bayan isha'i nake rubutu, nan Rafin Daɗi,
in yara sun yi barci, in an ɗauke wuta,
fitilar caji bisa buhun gero,
jarrabawar 'yan aji huɗu na gefe ban duba ba,
alƙalami na gudu, ina bin sa, ba tsayawa.

Na daɗe ina zaton na san abin da kuke so:
saurayi dogo, mota mai baƙin gilashi,
turaren da ke riga shi shiga zaure,
akwatin lefe goma sha biyu,
in barbaɗa ayar haƙuri kamar gishiri a miya,
in ce ga soyayya, ga wa'azi, saura sayarwa.

Ran Laraba wani tsoho ya yi sallama,
Baba Kallamu, mai facin taya a Ƙofar Marusa.
Ya ƙi hawa tabarma, wai rigarsa da baƙin mai.
Ya zaro littafina daga aljihu,
bangon ya yage, an ɗinke da zaren buhu.
Ya ce, "Ban yi boko ba. Jikata Ramlatu ke karantawa.

"Wurin mota mukan ce ta tsallake.
Wurin lefe tsohuwata kan yi dariya da rabin baki,
ɗaya rabin ya tafi, shekara shida ke nan,
ya tafi da hannu, ya tafi da ƙafa.
Amma babi na tara, Malama,
inda mutumin nan ke ɗumama ruwa da asuba,
ya tsoma gwiwar hannu ya ji zafinsa
kafin ya yi wa matarsa alwala,
sau bakwai muka sa yarinyar maimaitawa.

"Wa ya faɗa miki? Ko gidana kike leƙe?"

Na rasa ta cewa.
Babin nan cikon shafi ne.
Mai ɗab'i ya ce littafin ya yi siriri,
na tuna Baffa da Inna Kulu can Mashi,
na zuba layi ashirin, ban ko koma dubawa.

"An ce kashi na biyu na hanya," in ji shi.
"Roƙo ɗaya ya kawo ni.
Kada ki tashe ta.
Na san ku marubuta, hannunku da garaje:
likita daga Masar, addu'a guda,
sai ga ta tsakar gida tana daka.
Allah na iyawa, ba na musu.
Amma ran da kika tashe ta, kin bar mu mu kaɗai.
Bar ta a kwance, bar shi a gefenta.
Bar shi ya gaji ma,
ya zaga bayan ɗaki ya yi tsaki,
ya yi istigfari, ya share ido da hula.
Ke dai ki tabbata yana dawowa."

Ya ajiye goro biyu bakin ƙofa,
ya ce ya bar yaro da tayar mai Keke, ba ya daɗewa.

Tun ranar nake kallon ku daban:
ke mai ɗinki a 'Yar Kutungu, littafi ƙarƙashin yadi,
kai mai gadin asibiti da ke cewa na ƙanwarka ne,
ashe ba gidan bene kuke nema a wurina ba,
shaida kuke nema,
cewa wahalar da kuke sha saboda wani
tana da suna, kuma Sama ana rubutawa.

Daren nan na soke motar da jan biro,
irin wanda nake ba yara sifili da shi.
Na ɗora ruwa a murhu, na jira,
na tsoma gwiwar hannuna.
Ya yi zafi. Na surka.
Sannan na zauna, na buɗe sabon shafi,
na bar mutumin tsaye da buta, gari na wayewa.